Fitilar da Kawu Ke Kashewa

Talata, 3 ga wata

Yaya Dogo,

Sallama, da gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ga ɗan'uwanta ba. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan ya sake ka. Mu nan alhamdu lillahi. Mama tana fama da ƙafa kamar kullum, ni kuma ina fama da 'yan aji uku da ƙurar alli.

Na san za ka ce Auta ba ta rubutu sai da dalili. Faɗi, gaskiyarka ce. Na kira lambarka har yatsana ya gaji, aka ce a sansaninku sai mutum ya hau dutse kafin waya ta kama, takarda kuwa motar kayan abinci ce ke kai muku. Shi ya sa na koma zamanin kakanni.

Maganar Baba ce, kawunka. Ka san shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a kamfanin nan na rarraba kaya. Bara suka kawo sababbin motoci masu kwamfuta, aka ba shi ɗaya. Wata huɗu ke nan tana yi masa wulaƙanci. Yana cikin tafiya da lodi, sai wata fitila ta kama a gabansa, ƙarfin motar ya zube. Injin yana aiki, amma ko ya taka totur har ƙasa ba ta wuce gudun keke. Rannan a tsakiyar hawa ta yi masa, tirela a bayansa tana ta danna hon.

An kai ta gareji wurin mai kwamfuta sau uku. Karon farko ya canja fedar totur. Na biyu ya canja wani abu a bakin injin. Na uku ya jona na'urarsa ya ce babu komai, mota lafiyarta ƙalau, kamar yadda na'urar ta nuna masa tun farko. Abin da ya ƙara dagula maganar, ba ta taɓa yi a cikin gari ba, sai a doguwar hanya. Shi ne manaja, wanda Baba ya girmi ubansa, ya ce a gaban direbobi wai ba mota ce ta gaji da doguwar hanya ba. Ya ce in ta sake tsayawa, kwamfuta kuma ta sake cewa babu komai, Baba ya ajiye makulli ya tafi gida.

Yaya, mutumin nan ba ya cin abinci. Ba korar ce ta fi damunsa ba, a ce ya yi ƙarya ne. Na san abin da ke tsakaninku, ban ce ka manta ba. Amma wayoyin mota aikinka ne, kuma ba mu da wani. Ka faɗa mana abin yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Asabar, 14 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni jiya a cikin kwalin albasa, har yanzu tana warinta. Ina lafiya gwargwadon yadda mutum ke lafiya a nan. Bayan bai sake ni ba, mun dai saba da juna. Ki gaishe da Mama, ki ce ta rage tsayuwa.

Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya na ƙarfe, da rana ko ƙofarsa ba ta taɓuwa don zafi. Motocin da nake gyarawa na kwasar dutse ne, tayarsu ɗaya ta fi ni tsawo, ni da ake kira Dogo. Shekara shida ke nan ina shaƙar garin dutse don kawai a ce wane yana can yana aiki.

Na yi dariya da na karanta, ba dariyar daɗi ba. Ranar da na ce zan koyi wayarin mota, Kawu ne ya ce a gaban mutane namiji sitiyari yake riƙewa, ni kuwa na zaɓi gyaran tocila. To ga shi tocila ta tsayar da shi a hawa. Na faɗa na huce. Mu yi maganar aiki.

Motar da ya saba da ita, waya ce ta ƙarfe daga feda zuwa injin, ka taka ta ja. Wannan ba ta da ita. A jikin fedar akwai sensa biyu, ki ɗauke su kamar shaidu biyu, kowanne yana gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya yadda aka taka. In bakinsu ya zo ɗaya, sai ta ba da wuta. In ɗaya ya ce rabi, ɗaya ya ce duka, ƙwaƙwalwar ba ta san mai gaskiya ba, sai ta rage ƙarfi don kada mota ta kwasa da kanta ta hau kan mutane. Ba lalacewa ta yi ba, tsoro ta ji. Kuma duk lokacin da ta yi haka tana rubuta wata lamba ta ajiye, har da gudun da ake yi da zafin injin a daidai lokacin. Wannan lambar nake so. In babu ita, ni da mai duba a rairayi ɗaya muke.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ce fitila ta kama amma kwamfuta ta ce babu komai. Mota ba ta mantuwa haka kawai.

Ga abin yi. In ta sake, kada kowa ya taɓa batir. Ko kai ɗaya kada a kwance. A kunna fitilun gargaɗi, a bi gefen hanya a lallaɓa da ita har gareji, fitilar tana kunne, a jona na'ura, ki kwafo mini lambar yadda take. Ki tambaye shi kuma, da safe take yi ko da yamma, bayan tafiyar awa nawa, kuma ko ruwan sama yana da hannu.

Mai kwamfutarku kuwa ɗan canji ne, ba bakanike ba. Wanda ke sauya kaya kafin ya auna waya, jifa yake yi a duhu. Abu ɗaya aikin nan ya koya mini: sau tara cikin goma laifin ba na mota ba ne, na hannun da ke taɓa ta ne.

Yayanki

*

Juma'a, 4 ga sabon wata

Yaya,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, sai dai gidan ba daɗi. Ƙafar Mama ta ɗan sauka.

Takardarka ta yi kwana goma sha tara a hanya. Ta zo ranar Alhamis, motar kuwa ta yi abinta tun ranar Talata. Allah ya rufa asiri manaja ya yi tafiya, Baba ya kai kayan a makare da awa ɗaya, bai gaya wa kowa ba.

Na karanta masa bayan ya ci abincin rana. Wurin tocila na tsallake, ba ni da lokacin raba faɗa. Maganar shaidu biyu ta yi masa daɗi, har ya ce, "Ashe yaron ya iya bayani." Da na zo kan batir sai ya ce, "To in ban cire ba, a daji zan zauna da kayan mutane?"

Yaya, ashe haka yake yi kullum. Wani direba ne ya nuna masa. In fitila ta kama sai ya faka, ya kwance kan batir, ya ƙirga ɗari, ya mayar. Fitila ta mutu, ƙarfi ya dawo. Ya ce ya yi haka sau goma sha ɗaya, huɗu kawai ya faɗa a ofis. Ko ranakun da zai kai ta gareji sai ya cire tukuna, wai ba zai shiga harabar kamfani yana rarrafe yaran da ya koya wa tuƙi suna kallo ba.

Har nan lafiya. Sai na karanta layinka na ƙarshe, na hannun da ke taɓa mota. Ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce, "Shi ma ya ce ni ne." Bai dawo ba sai bayan la'asar, kuma bai sake yi mini maganar ba.

Ka ji tsoron Allah, Yaya. Taimako na roƙa, ba ƙarin gishiri a miki ba. Wane direba ne ke kula da mota kamar Baba? Mutumin da ba ya fita doguwar tafiya sai ya fitar da shimfiɗar roba, ya sheƙa wa ƙasan ɗakin direba bokiti uku na ruwa da sabulu, ya dirje har ƙarƙashin feda. Tun ina goye haka yake yi. Bokitaina ma ya gama da su. Shi ne za ka ce hannunsa ke ɓata mota?

Amsar tambayoyinka, tun kafin ya yi fushi: kullum da safe take yi, awa ɗaya ko biyu da tashi. Ruwan sama ba ruwansa.

Auta

*

Lahadi, 13 ga wata

Auta,

Na samu taki, wannan karon ba ta daɗe ba. Ina nan dai. An kawo mana sabon shugaba mai son a yi aikin kwana uku a yini ɗaya, amma wannan ba matsalarku ba ce.

Da na rubuta maganar hannu, mai kwamfuta nake nufi, Allah shi ne shaida. Ki sake dubawa, a kansa nake magana. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da na gama karanta taki sai na ga Kawu ya fi ni sanin inda maganar ta sauka.

Kin san abin da yake yi? A irin motarsa, in ka cire batir ka goge lambar da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Wato shaida ɗaya tak da zai tsaya gaban manaja ya ce tsohon nan gaskiya ya faɗa, shi Kawu yake shaƙewa a bakin hanya, sannan ya shigo gari yana mamakin an ce ya yi ƙarya. Sau goma sha ɗaya!

Ba yau ya fara ba, kuma ki bar ni in faɗa tunda biro na hannuna. Inna, mahaifiyata, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi wata biyu a kwance. Duk ranar da na hau dutsen nan na kira, sai ya ce da sauƙi, tana barci ne. Sai da ta kwana ashirin a ƙasa na ji, a bakin wani baƙo da ya yi mini ta'aziyya yana zaton na sani. Da na tambaye shi ya ce don kada in bar aiki ne. Na yarda ba mugunta ba ce. Halinsa ne. Kawu in ya ga fitila ta kama, kashe ta yake yi a ci gaba da tafiya.

Yanzu bokitanki. Kin rubuta su don ki wanke shi, ni kuwa da na zo wurin sai da na ajiye takardar na dafe kai. Tsohuwar motarsa ƙarfe ce zalla a ƙasa, ko kogi ya juye mata ba ta san an yi ba. Wannan kuwa, a saman fedar akwai soket mai ƙananan ƙafafu shida, ta nan shaidun nan biyu ke magana. Ruwa da sabulu in suka shiga, sai su haɗa ƙafar da bai kamata ta haɗu da 'yar'uwarta ba. Mota ta yi awa ɗaya tana girgiza, ruwan ya gangara ciki, shaidu su saɓa. Ba ya wanki in aikin cikin gari ne, shi ya sa ba ta yi a gari. Ba doguwar hanya ce ba ta so ba, wanka ne.

Zato nake yi, ban gani ba. A kashe mota, a zare soket ɗin, a haska ciki. In an ga kore-kore ko danshi, shi ne. A duba kuma ko akwai wata 'yar roba da ke zagaye bakinsa, ita ke hana ruwa shiga. Kuma daga yau ya bar bokiti. Lambar dai har yanzu ina son ta.

Yayanki

*

Laraba, 23 ga wata

Yaya Dogo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na yi maka zafi a waccan, ka yafe. Kowa lafiya.

Na fara wannan takardar tun kafin taka ta zo. Ranar Litinin motar ta sake yi, kilomita arba'in daga gari. Baba yana fushi da kai, amma bai taɓa batir ba. Ya kunna fitilun gargaɗi ya taho a gefen hanya, awa uku da rabi. Ya ce har mai amalanke ya wuce shi ya yi masa sannu. Ya shiga harabar kamfani ana tsakiyar lodi, kowa ya bar abin da yake yi yana kallo. Bai sauko ba sai da aka kira mai kwamfuta ya jona na'ura a gaban manaja. Ga lambar: P2138. Baba ya ce manaja ya daɗe yana kallon na'urar.

Jiya taka ta iso. Na karanta wa Baba, na tsallake maganar Inna. Ya ce, "Kin tsallake wani wuri." Na ce rubutun ne bai fito ba.

Yau da safe muka je tare, ni na riƙe tocila. Yaya, cikin soket ɗin kore shar kamar bakin rijiya. 'Yar robar kuwa babu ita. Mai kwamfuta ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ce wataƙila ta faɗi ranar da ya canja feda. Ni da Baba ba mu ce komai a kan wanki ba.

Saura abu ɗaya. Manyan kamfani sun tambayi manaja dalilin da aka canja kaya biyu a banza, yana son bayani a rubuce daga mai takardar shaidar aiki. Na ce ina da yaya. Ya ce ka rubuto, a kan abin da ka rubuta zai yanke maganar Baba.

Don Allah ka rubuta soket da roba kawai. Ka bar bokiti, ka bar batir. Ba ƙarya na ce ka yi ba, shiru na ce ka yi. Laifin mai kwamfuta ya isa ya cika shafi. Shekara talatin da ɗaya, Yaya. Makullin nan yana bakin bironka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Alhamis, 1 ga wata

Auta,

Na gaishe ki, na gaishe da Mama. Jikina da sauƙi. Lambar ita ce wadda na zata, ma'anarta sensa biyu na feda sun saɓa wa juna. A yanke tsohon soket a sa sabo da robarsa, a auna wayoyin har zuwa ƙwaƙwalwa, magana ta ƙare. Awa uku da rabi a gefen hanya kuwa, ki gaya wa Kawu na san abin da ya ci masa. Ba kowane direba zai iya ba.

Abin da kika roƙa ba zan yi ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki zage ni.

In ban rubuta ruwa ba, za a gyara motarsa a bar sauran. Ke kika ce akwai yaran da ya koya wa tuƙi a kamfanin. Wanda ya koyi sitiyari a hannun Kawu ya koyi bokiti. Wata rana wata motar za ta zube a hawa, kuma mai tirelar da ke baya ba lallai birkinsa ya kama ba. A nan na taɓa tattara abin da ya rage bayan irin wannan hatsarin, ba na son in sake, ko da daga nesa.

In ban rubuta batir ba, an bar tambaya a buɗe: me ya sa na'ura ta ce babu komai har sau uku? Amsa ɗaya za ta rage, a ce mai kwamfuta bai iya aikinsa ba sam, a raba shi da garejin kamfani. Ba na ƙaunar aikinsa, na faɗa tun farko. Ya yar da roba, ya canja kaya da ka. Wannan nasa ne, na rubuta masa. Amma an riƙa kawo masa mota an goge mata baki. Wannan ba nasa ba ne, shi ma yana da masu jiransa a gida.

Na san abin da za ki ce, ramuwa ce. Ni ma na tambayi kaina. Sau uku na rubuta bayanin. Na farko na yaga don na ji haushina a ciki. Na biyu na yaga don na ji tausayi ya yi yawa. Ga zuciyar na ukun, cikakken yana cikin ambulan:

"Motar tana da matsala ta gaske, direba bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, kuma tuƙinsa ko shekarunsa ba su da hannu. Ruwa ne ya shiga soket ɗin feda, daga wankin ɗakin direba da ake yi kafin doguwar tafiya. Wannan wanki daidai ne a tsofaffin motoci, kuma ban ji an gaya wa direbobi cewa sababbin ba sa ɗaukarsa ba. Rashin robar soket bayan gyaran farko ya ƙara tsananta abin. Na'ura ba ta ga lamba ba saboda direba ya cire batir sau goma sha ɗaya don ya kai kaya a kan lokaci, bai san hakan yana goge lambar ba, kuma bai sanar da ofis duka ba. Ranar da ya sani, ya bari. Ina ba da shawara a duba sauran motocin."

Kada ki kai wa manaja. Ki ba Kawu ya karanta. In ya ce a yaga, a yaga, maganarsa ce. Amma wata ba zan rubuta ba.

Na gaji, Auta. Da ina da wata sana'ar da ba a sa hannu a ƙasan takarda, da na fi samun barci.

Yayanki

*

Asabar, 7 ga watan da ya biyo

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ni ina nan.

Motar kayan abinci ta zo sau biyu, na tsaya har aka sauke buhu na ƙarshe. Mai rabon takardu ya fara jin kunyata, yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai. Na hau dutse ranar Juma'a na kira lambarki, ta shiga, ba a ɗauka ba. Wataƙila kina aji.

Ban rubuto don in janye komai ba. In kin yi fushi, kina da hujja, mahaifinki ne. Amma ki rubuto ko layi ɗaya ne, in san ko makullin yana hannunsa ko babu. Kin san ba na son labarin gida ya riske ni a bakin baƙo.

Yayanki

*

Litinin, 16 ga wata

Dogo,

Assalamu alaikum. Ni ne kawunka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun sitiyari ne. Ina lafiya, mamanku tana gaishe ka. An ce bayanka yana damunka. Ka riƙa durƙusawa in za ka ɗaga abu, kada ka sunkuya.

Ƙanwarka ta ɓoye takardarka kwana goma sha biyu a cikin littattafan 'yan makaranta. Da na ga shirun ya yi yawa na ce mata yayanki hannunsa ya karye ne? Sai ta fashe da kuka ta ɗauko. Na ce ta haɗo da waccan da rubutunta bai fito ba. Ya fito sarai. A kan wannan ba ni da abin cewa a takarda. In ka samu hutu ka zo ka faɗa mini a fuskata, zan zauna in ji har ka gama.

Bayaninka na karanta shi sau biyu. Na nemi inda ka ƙara mini, ban samu ba. Na nemi inda ka rage mini, nan ma babu. Kuskure ɗaya ne, kuma ba naka ba ne. Ba sau goma sha ɗaya ba ne, sha uku ne, biyu na ji nauyin faɗa wa yarinyar. Na gyara da biro na sa hannu a gefe, na kai da kaina.

Manaja ya sa an buɗe sauran motocin. Huɗu an same su da kore. Ya tara direbobi a inda ya faɗi waccan maganar, ya ce ya janye ta, tsoho bai yi ƙarya ba. Yaron yana da kunya ashe. Mai kwamfuta an ja masa kunne an bar shi.

Daga nan ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce wanki ba komai, kowa bai sani ba. Amma sau tara mota ta zube da kayan kamfani ban faɗa ba, ba zai iya sake sa ni a doguwar hanya ba, ko ya so manya ba za su yarda ba. Na ce gaskiya ne. Na ajiye masa makullin a kan tebur.

Ba a kore ni ba. Akwai tsohuwar mota ɗaya da ba a sayar ba, mai wayar ƙarfe, tana kwasar kwalaye daga sito zuwa wurin lodi. Ita aka ba ni. Ranar farko na zuba mata bokiti biyar, ko tari ba ta yi ba.

Auta ba ta huce ba, ta ce kai ka karɓe mini mota. Na gaya mata ba kai ka riƙe sufana a bakin hanya ba. Ka ba ta lokaci, zuciyar uwarta gare ta.

Daga sito zuwa wurin lodi tafiyar minti bakwai ce, ba a sa giya ta uku. Gobe zan yi ta sau ashirin. Tuƙi ne dai, Dogo.

Kawunka